Yadda zaka zaɓa tsakanin Mustang EcoBoost da GT kafin ka tura kuɗinka

Na daɗe ina raka mutane sayen mota a nan Abuja, kuma duk wanda ya zo min da maganar Mustang tambayarsa ɗaya ce, Oga ƙaramar zan ɗauka ko babbar, wato EcoBoost ko GT? Jiki ɗaya ne, in suka tsaya gefe da gefe wanda bai sani ba zai ce tagwaye ne, amma zaman da zaka yi da su ba ɗaya bane ko kaɗan. Zan yi maganar ne akan ƙirar 2015 zuwa 2023 tunda su suka fi yawa a wajen dillalanmu, sai dai hanyar nan zata yi maka aiki ko Camaro ce kake auna mai 2.0 da SS, ko Challenger SXT da R/T.

Abun da zaka tanada

Littafi da biro, ko not a waya, dan zaka yi lissafi kuma kai ba ya riƙe komai in ka ji ƙarar V8, wato babban injin GT mai silinda 8. Tocila mai haske sosai. Ƙaramar na'urar sikanin da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya, in baka da ita ka ɗauki rewaya mai ita ka biya shi kuɗin fita. Maganaɗisu ƙarami, irin na manna a firij ya isa. Farin tsumma ko tishu. Data a waya. Sai bakanike naka na kanka wanda ya taɓa buɗe motar Amurka, ba wanda dillali ya kira maka ba. A Apo ana samunsu, ka tambayi masu Mustang ko masu F-150 wa ke musu aiki. In a Jos kake ka leƙa Farin Gada ka yi tambaya. Abu na ƙarshe, tsohuwar riga, dan sai ka kwanta ka leƙa ƙasan motar da idonka.

1. Ka san menene bambancin tukuna

EcoBoost injinta lita 2.3 ne, silinda 4, da turbo, ƙarfin doki 310. GT kuma lita 5.0, silinda 8, babu turbo, doki 435 a ƙirar 2015 zuwa 2017, ya koma 460 daga 2018, ya sauka 450 a 2022 da 2023. Akwai ta uku mai V6 lita 3.7 doki 300 wadda aka daina bayan 2017, zan dawo kanta.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne kalmar Premium. Premium ba inji bane, kayan ciki ne, kujerun fata masu sanyi da ɗumi, babban allo, sauti mai kyau. Akwai EcoBoost Premium akwai GT Premium, kuma akwai GT da zaka shiga ka ga kujerar yadi da ɗan mitsitsin allo kamar na tsohuwar waya. Sannan ga Performance Package, shi ma daban yake, a GT yana zuwa da birkin Brembo a gaba, wili inci 19, lagireto babba. Kenan in dillali ya ce maka ful ofshin ce, ka tambaye shi wanne yake nufi, na ciki ko na ƙafa. Da yawansu basu ma san akwai bambanci ba.

Giya kuma, atomatik ta 2015 zuwa 2017 mai 6 ce, daga 2018 ta koma mai 10. Ta hannu mai 6 tana nan a duka.

2. Rubuta satinka na gaskiya

Kafin ka je ko'ina ka zauna ka rubuta inda kake zuwa daga Litinin zuwa Lahadi. Ba inda kake mafarkin zuwa ba. In daga Mararraba ko Nyanya kake shigowa gari kullum da safe, rabin rayuwar motar a goslo zata ƙare tana tafiyar kunkuru, kuma doki 460 ba shi da wani amfani tsakanin Kugbo da AYA ƙarfe bakwai na safe, mai kawai zai dinga sha. In kuma a Gwarimpa ko Jabi kake, kana da wata motar ta zuwa aiki, wannan ta yamma ce da ƙarshen sati, toh lissafin ya canza gaba ɗaya.

Tambayar da nake fara yi wa kowa ita ce, ita kaɗai ce motarka? In eh ne, zuciyata tana karkata ga EcoBoost tun kafin mu ga mota. In ta biyu ce, ƙofar GT a buɗe take.

Ka rubuta su waye zasu shiga. Kujerar baya duk ɗaya ce a biyun, ta yara ce ko ta ajiye jaka, babba ba zai yi zaman Abuja zuwa Keffi a ciki cikin daɗi ba. Kar ka sayi babbar da tunanin ta fi fili.

Ga wani abu da mutanen Jos ya kamata su sani. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200 sama da teku, iska ta fi sirantaka a can. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, kaga a Jos V8 ɗin ya ajiye sama da kashi 10 tun kafin ka taka. Turbo kuwa tana cusa iska da ƙarfi tana cike yawancin giɓin. GT har yanzu ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tazarar tana raguwa, kuma in ka bi hanyar Akwanga ka kama Hawan Kibo da EcoBoost zaka ga bata wani numfashi sama-sama, hawa take abunta.

3. Lissafin ciyar da ita, nan ne ake faɗuwa

Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, ciyarwa kullum ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan matakin ya zama shi ne babba.

A takardar Amurka, EcoBoost mai atomatik tana yin kusan kilomita 9 da lita ɗaya a cikin gari, 13 da ɗoriya a babbar hanya. GT kusan 7 a gari, 10 da rabi a hanya. Wannan a titinsu ne, mu nan da AC a kunne daga gida har ofis da goslo, duka biyun zasu sauka ƙasa da haka. Amma mu yi aiki da shi dan kwatance. A ce kana yin kilomita 300 a sati cikin gari, ƙaramar zata sha wajen lita 33, babbar wajen 43. Lita 10 kenan a sati, sama da lita 500 a shekara. Ka ninka da kuɗin lita na yau a gidan man unguwarku ka rubuta. Kuma ka ƙara wani abu akai, dan wallahi ban taɓa ganin mai GT da ke tuƙi irin na takarda ba, ƙarar ce ke jan ƙafarka.

Gargaɗi ɗaya, EcoBoost tana tsimin mai ne in kana lallaɓa ta. In kullum kana danne totur turbo tana hurawa, zata sha kusa da yayarta.

Sai juyen baƙin mai. Ƙaramar wajen lita 5 da rabi zuwa 6 take ci. GT ta 2015 zuwa 2017 lita 7 da rabi, ta 2018 zuwa sama kusan lita 9 da rabi, wato galan biyu na lita 5 duk juye, kuma mai na gaske ba na durom ba. Fulogi 4 a nan, 8 a can, kwayil ma haka. Taya kuma ita ce mai cizo a ɓoye. EcoBoost ta talaka tana zuwa da inci 17 ko 18 masu kauri da suke shanye rami, GT mai Performance Package tana da 255/40 a gaba 275/40 a baya kan inci 19, sirara ne, rami ɗaya mai kyau a hanyar Lokogoma ya isa ya kumbura gefen taya ko ya lanƙwasa wili, kuma ba zaka iya juya na gaba zuwa baya ba tunda girmansu ba ɗaya bane.

Kar ka yi hasashe, ɗauki waya ka kira masu kayan gyara a Apo ko Zuba, na Jos su kira Dilimi, ka tambayi kuɗin abu biyar na kowace: takalmin birki na gaba, taya ɗaya, kwayil, famfon ruwa, da fitilar gaba. In suka ce sai an yi oda daga kasuwar Ladipo ta Legas ko daga Amurka, tambayi kwana nawa. Inshora ta dole dai 15,000 ce tun 2023 ko wacce ka saya, amma cikakkiyar inshora da darajar motar ake lissafa ta, babbar zata fi.

Ƙa'idata ita ce, in bayan ka biya kuɗin motar ba zaka iya ajiye kuɗin tayoyi huɗu da juye biyu a gefe ba, wannan ajin ya fi ƙarfinka a yanzu, sauko ƙasa.

4. Maganar man fetur ɗinmu

Ƙarfin dokin da na faɗa a sama an auna shi ne da fetur mai daraja na Amurka, wanda suke rubuta 93 a famfo. Duka motocin biyu suna iya shan na ƙasa da shi, kwamfutar motar zata rage wuta dan kare injin, ƙarfi ya ɗan sauka. Mu a nan famfo ɗaya ne, abun da aka zuba maka shi ne. Kuma kowa ya tuna gurɓataccen man da ya shigo a Fabrairun 2022 da irin ɓarnar da ya yi.

Injin turbo ya fi jin haushin mai marar kyau da baƙin mai marar kyau. EcoBoost tana fesa mai kai tsaye cikin silinda, mai ba ya wanke bawul ɗin shiga, dan haka da tafiya ta yi nisa datti yana taruwa sai an buɗe an goge. GT ta 2015 zuwa 2017 fesawar tsohon yayi take, ta fi haƙuri, duk bakaniken da ya san V8 zai gane ta. Ta 2018 kuma ta haɗa duka biyun, ta fi ƙarfi ta kuma fi son kulawa. Toh in ka san kai mutum ne mai wuce lokacin juye, ko mai tsayawa sayen mai a galan a bakin hanya, turbo ba taka bace. A nan ne V6 ɗin nan ta 3.7 take shigowa, babu turbo, bata sha kamar V8, kuma ana raina ta a kasuwa shi yasa kuɗinta ke da sauƙi. Na sa mutum biyu sun ɗauke ta kuma har yau muna gaisawa da fara'a.

5. Tabbatar abun da aka ce maka shi ne

Tambarin GT da 5.0 ana sayar da su, gam ne kawai. Ana kuma ɗaukar ta 2015 a sa mata fuskar 2018 a ce maka sabon yayi ce. Lambar chasis ce bata ƙarya, tana jikin gilashin gaba ta gefen direba da kuma takardar da ke jikin ƙofa, haruffa 17. Ƙirga zuwa na 8, in H ne EcoBoost ce, in F ne 5.0 ce, in M ne V6. Na 10 kuma shekara, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020. Duba ta gilashi da ta ƙofa da ta takardar kwastan su zama ɗaya.

Daga nan rubuta lambar a Google. Yawancin motocin nan daga gwanjon Copart ko IAAI na Amurka suka fito, kuma sau da yawa hotunan ranar gwanjon suna nan a intanet, zaka ga inda ta bugu da mil nawa ke kanta a lokacin. In ka iya biyan rahoton Carfax, mai nuna tarihin motar a Amurka, ka biya. Ka tuna agogon mil yake ƙirgawa, mil 1 kilomita 1.6 ne.

Na taɓa raka wani ƙanina duba wata GT ja, kyakkyawa kamar ka lasa, kuɗinta ya kusa daidai da na EcoBoost, har ya fara kiran gida yana albishir. Muka sa lambar a waya muka ga hotonta a gwanjo ruwa ya kai mata kujera. Kyan ɗan maciji. Ranar ya yi fushi da ni bai min magana a hanya ba, amma nasan abun da na raba shi da shi. Abun da zaka riƙe kenan, in GT ta sauko farashin EcoBoost akwai dalili, nemo shi. Lafiyayyar ƙarama ta fi babbar da aka ɗinke.

6. Duba su da sanyin safiya

Ka ce wa mai motar kar a tada ta sai ka zo. Kana isa ka ɗora hannu a bonet, in da ɗumi an riga ka, ka ce zaka dawo gobe.

Kunna makulli ba tare da tada inji ba, duk fitilun dashbod su kama, musamman ta eyabag da ta cek injin, sannan su mutu bayan ta tashi. In wata bata kama ba tun farko an cire ta ne ko an rufe. Soka na'urar sikanin, kuma kar ka tsaya a babu kod, wato bata nuna lambar wani laifi ba, duba ko gwaje-gwajen kwamfutar sun kammala, in duk suna nuna basu shirya ba toh jiya-jiya aka goge laifukan.

A EcoBoost, duba ruwan lagireto a robar ko ya sauka, saurari ko tana kakkarwa a sakan na farko, leƙa salansa. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa alamar ruwa na shiga silinda ne, maganar gasket kenan, juya kawai. Shuɗin hayaƙi kuma ka zargi turbo. Duba ko an canza bututun iska ko an sa wasu kayan ƙarin ƙarfi, yaran Amurka suna taɓa kwamfutar ƙaramar nan sosai, kuma wadda aka saita ta akan fetur 93 in ta sha namu injin na iya bugawa.

A GT, zaro sandar mai ka goga a farin tsumma, saurari ƙasan injin ko akwai ƙwanƙwasa. Leƙa cikin mudgad na baya, in ka ga ɓurɓushin roba ya manne an sha ƙona taya da ita. In ta hannu ce, ji yadda kuloci ke kamawa da yadda giya ta biyu da ta uku ke shiga.

A duka biyun, kwanta ka haska ƙasa. Duba indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin bututun salansa, na nan ko an fasa an kwashe, duba ƙasan bamba da ƙarfen gaba ko an taɓa miƙe shi. Tambayi ko an cire tamostat ko an haɗa fanka dairek, in an yi, hannun da bai san motar ba ya riga ya shiga. Ɗaga kafet, zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ka duba tabon laka, shinshina but. Kunna AC ka bar shi minti goma, in ba sanyi kar ka yarda da gas ne kawai, in ta cikin dashbod yake yoyo sai an sauke dashbod gaba ɗaya.

Maganaɗisun nan na gano inda aka cika fila ne, wato ƙullin da ake cike lotsewa da shi kafin fenti, amma ka kula, bonet da fenda biyu na gaba na motar nan alminiyom ne, ba zai kama ba ko lafiyarsu ƙalau. Na ga wanda ya fasa ciniki mai kyau saboda wannan. A ƙofofi da gefen baya zaka gwada. Taya kuma akwai lamba huɗu a gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara. Ka buɗe but ka ga ko akwai safaya, da yawansu basa zuwa da ita sai ɗan famfon iska, kuma mai tafiya Jos ba safaya yana neman kwanan hanya.

7. Tuƙa su rana ɗaya, hanya ɗaya

Wannan ba a tsallake shi, kuma ba a cinikin biri a sama, bidiyon WhatsApp ba gwaji bane. Ka fara da ƙaramar. In ka fara da GT kunnenka ya riga ya yanke hukunci, duk abun da EcoBoost ta yi ba zaka gani ba. Ka ma sani ana ƙara wa EcoBoost ɗan sautin inji ta sifika, dan haka sauke gilas ka ji muryarta ta gaskiya, ka tambayi kanka ko zaka iya zama da ita shekara uku.

Hanyar ta haɗa abu uku. Buɗaɗɗen titi kamar Airport Road ko Kubwa Express, inda zaka gwada wuce mota daga 60 zuwa 100, iyakar doka kenan kuma ya ishe ka ka gane komai, ba sai ka nemi ƙarshen agogo ba. Sai wuri mai cunkoso, Wuse da rana, ka ji yadda giya ke canzawa a hankali, mai 10 ɗin nan in tana fizga ko tana dukan baya a ƙananan giya a sa mata na'ura. Sai na uku wanda kowa ke mantawa, layinku da get ɗin gidanku. Motar a ƙasa take, in bamba na gogar tudun get ko bam ɗin estet ɗinku kullum, gara ka sani yau.

Kashe rediyo. Saki sitiyari kaɗan a miƙaƙƙen wuri ka ga ko tana ja gefe. Taka birki da ɗan ƙarfi ka ji ko yana rawa. Zaka lura hancin ƙaramar ya fi sauƙin juyawa a kwana, dan GT ta fi ta nauyi da kusan kilo 80, buhun siminti ɗaya da rabi, kuma yawancinsa a gaba yake.

Dan Allah kar ka kashe tarakshin kwantrol, na'urar da ke hana taya sulɓewa, ko dillali ya ce ka kashe ka ji daɗinta. Da ƙafar baya motar nan ke ja. Wanda ya saba da Camry ko Accord masu ja da gaba, in ya danna GT a kwana ko a ruwan farko na damina lokacin da kwalta ke santsi, bayanta zai zagayo kafin ya gane me ke faruwa. In wannan ce motarka ta farko mai ƙarfi, ni dai shawarata ƙaramar, doki 310 ma ba abun wasa bane, ya ninka na Corolla.

In dillali ya hana gwaji mai nisa, ka ce zaka sa mai ka kuma tafi da yaronsa. In ya ƙi duk da haka, nemi mai irinta cikin abokai ya ɗana maka tasa dan ka san halin ajin, ita kuma waccan a ɗaga ta a gareji a duba da kyau ko ka haƙura da ita.

8. Yanke hukunci

Koma gida ka kwana akai, mai istihara ya yi. Kar ka bada kafin alƙalami a ranar gwaji ko an ce maka wani Alhaji na hanya da kuɗi, kullum akwai Alhajin nan.

Buɗe littafinka. In motar kullum ce, goslo na cikin satinka, ko lissafin mataki na 3 ya sa ka yi shiru, ɗauki EcoBoost Premium mai tsafta, ka more kujera mai sanyi a zafin Maris. In ta biyu ce, ka saba da mota mai jan baya, kuma kuɗin ciyarwa bai taɓa cefanen gida da kuɗin makarantar yara ba, ɗauki GT, ko da mai kujerar yadi ce, dan allo da fata ana iya sawa daga baya, inji kuwa ba a sawa.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne mutum ya sayi ƙaramar alhali V8 ce a ransa, ya ce zai gyara ta ta zama GT. Sai ya sa salansa mai ƙara, ya manna 5.0, ya taɓa kwamfuta, ya kashe kuɗin da da ya haɗa da ya kusa sayen ta gasken, ƙarshe ya sayar da asara dan babu mai son motar da aka jagwalgwala. In ka tuƙa biyun ka ji har ga Allah ƙarar nan ce ta kawo ka, kar ka sayi komai yanzu, ƙara wata shida kana tari. Haka in kai mai canza mota ne duk shekara biyu, ka sani a abun da nake gani GT tana riƙe daraja amma tana daɗewa a fili kafin mai ita ya zo, ƙaramar ta fi saurin tashi.

9. Takardu da satin farko

Kafin ka tura ko sisi, kai takardar diyuti ofishin kwastan a tabbatar da ita da lambar chasis ɗin, ka duba shekarar da ajin da aka biya akai, dan akwai masu biyan na ƙaramar shekara akan babbar mota, kuma kai za a tare a hanya ba su ba. Tun farkon 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, in aka ce maka ta Kwatano ta biyo ka ninka bincike. In mai rajista ce, a yi takardar canjin mallaka da shaidu, sunan da ke takarda ya dace da na asusun da zaka tura wa kuɗi. La'adar dillali a yanke ta tun farko a gaban kowa. Karɓi makulli biyu, in ɗaya ne a rage kuɗin na biyun a ciniki.

Tana shiga hannunka, kafin zagayen nuna wa abokai, wuce gareji. A juye baƙin mai da irin wanda aka rubuta a murfin injin, a canza filta ta mai da ta iska, a duba ruwan lagireto a sa kulant na gaske ba ruwan famfo ba, a duba man birki, a yi alaimen. Duk tayar da ta wuce shekara biyar ko shida a sauke ta ko zanenta na nan, zafin kwaltar hanyar Keffi ba ya duba zane. Sai ka rubuta mil ɗin ranar a littafin nan naka, daga shi zaka fara ƙirga juye na gaba.